Ga mai son tayar da tsohon babur tun daga firam: kada ka fara da fenti

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba abin da za a amsa a layi biyu ba ne. Ka ce ka gaji tsohon babur Honda CG125 na mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara goma a jingine, kana so ka kwance shi kaf sai firam ya rage, ka sake haɗa shi da hannunka a gida, alhali kai ba bakanike ba ne. Kana tambaya ko zai yiwu, kuma ta ina za ka fara.

Zai yiwu. Ni ma ba bakanike ba ne, kuma babura uku na tayar a tsakar gida, na farkon ma irin naka ne. Ka kuma yi sa'ar samfuri. Honda ta fito da CG125 a 1975, ta ƙera shi ne musamman don masu amfani da babur ba tare da kula da juyen mai a kan lokaci ba. Inji ne mai silinda ɗaya, cc 124, sanduna biyu ne suke tura bawul, babu sarƙar tayimin da za ta ruɗa ka. Ga shi kamfanoni da yawa sun kwaikwayi injin, don haka kayan gyara ba sa wuya, sai dai ba kowane ne yake zama daidai ba, zan dawo kan wannan.

Abin da ke kashe irin wannan aikin ba rashin iyawa ba ne, ɗoki ne. Kwance babur aikin kwana biyu ne, kuma akwai daɗi, kana ji kamar kana ci gaba. Haɗawa ita ce watanni. Na farkon da na yi, wata biyu na ɗiba masa, sai da ya cinye mini wata goma sha huɗu. Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, akwai abubuwan da ba a iya duba su sai babur yana tsaye a kan tayoyinsa.

Fara da lambar firam, tana nan a wuyan babur inda kan yake juyawa, da lambar inji. Ka gwada su da na takardu. In sun saɓa, ka warware wannan tukuna, kada ka zuba kuɗi da ƙarfinka a abin da ba za ka iya hawa titi da shi ba. Lambar ce kuma za ta gaya maka shekarar da aka ƙera shi, domin na farko-farko wutarsu volt 6 ce da fayin (ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta), na baya kuwa volt 12 da CDI (akwatin lantarki da ya maye gurbin fayin), kuma kayan wutarsu ba sa shiga juna.

Daga nan ka duba ko firam ɗin a miƙe yake. Samo zare mai tsawo, ka zagayo da shi ta bayan tayar baya, ka ja shi gaba ta gefe biyu yana ɗan taɓa gefen tayar, ka miƙar da kan babur. Tazarar da ke tsakanin zare da tayar gaba dole ta zama ɗaya hagu da dama. In ka daidaita tayar baya amma har yanzu gefe ɗaya ya fi, akwai abin da ya lanƙwashe, ko firam, ko fos (ƙafafu biyu da ke riƙe tayar gaba), ko hannun da ke riƙe tayar baya. Sai ka wanke babur ɗin da kananzir da buroshi, ka haska tocila a wuya, da inda inji yake ɗaure, da wajen jak, da inda shok ɗin baya yake kamawa. Firam ɗin CG ba shi da bututu a ƙarƙashin inji, injin da kansa ne yake cike wannan gurbi, don haka tsagewa a kunnuwan da ke riƙe inji ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Na kwance nawa a ƙarshen mako ɗaya, na kai firam aka kankare, aka fesa masa baƙin fenti yana ƙyalli, ina ta ɗaukar hoto ina turawa abokai. Ranar da na zo ɗora inji sai ƙusa ɗaya ta ƙi shiga. Ashe kunne ɗaya a karkace yake, kuma akwai siririyar tsaga a gindinsa da fenti ya rufe. Dole aka sa wuta, aka yi walda, fentin ya ƙone har kusan rabin firam, aka koma farko. Tufka da warwara ke nan. Bayan na haɗa komai kuma, fitila ta ƙi kamawa, ham shiru, na yi mako guda ina zargin kwayil da batir, ashe fenti ne ya rufe inda wayar ƙasa take taɓa ƙarfe. Minti biyu da samfefa matsalar ta kau. Tun daga lokacin dokata ita ce: a gyara, a yi walda, a haɗa babur a bushe ba fenti a ga komai ya zauna, sannan a sake kwancewa a yi fenti. Ka ga kamar aiki biyu ne, amma shi ne gajeriyar hanya. In za a fesa, ka toshe duk ramin ƙusa da tsohuwar ƙusa, ka liƙe mazaunin boris na wuya da wajen wayar ƙasa da lambar firam.

Kafin ka sauke inji, ka gwada ko yana juyawa. Cire fulogi, zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana, sannan ka danna kik da hannu a hankali. In ya ƙi, kada ka hau kansa da ƙafa, za ka karya ringi ko haƙorin kik. Ka zuba man gas a ramin fulogi ka bar shi kwanaki, kullum kana ɗan girgiza shi ta wajen maganeto. Sannan manyan notuna, wato na maganeto da na matacin mai da ke ɓangaren kuloci, ka sassauta su tun inji yana kan firam, inda za ka sa giya ka taka birki ya riƙe maka. In inji ya sauka ƙasa, sai dai ku yi ta kokawa yana birgima.

Kayan aiki ba su da yawa, amma akwai guda huɗu da ba zan yi sassauci a kansu ba. Sukurorin baburan Japan na wancan zamani ba irin na Phillips ba ne, na JIS ne, wato ma'aunin ƙasar Japan, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Sukundireban Phillips zamewa yake yi ya cinye kan, shi ya sa kusan kowane tsohon babur za ka tarar da kawunan sukurorinsa a lalace. Nemi na JIS, da kuma irin wanda ake buga wa guduma ya juya. Na uku abin zare maganeto, kada ka kuskura ka ɓanɓare shi da ƙarfe ko ka daki ƙarshen karanshaf. Na huɗu sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Jikin inji alminiyon ne, ƙaramar ƙusa mai milimita 6 ba ta son ɗaurin da ya wuce kimanin Nm 10 a ma'aunin sifanar, kuma hannun sabon shiga kullum wuce gona da iri yake yi.

Wajen kwancewa, ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu, musamman hanyar da wayoyi da kebur suke bi ta wuya da ƙarƙashin tanki. Kowane rukuni da ledarsa, da rubutu a jiki. Ƙusoshin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, sai ka zana siffar murfin a kwali ka soka kowace a gurbinta. In za ka zare fos daga wuya, shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, don ƙwallayen boris ɗin a sake suke, za su watse. Ƙirga su. Kuma kada ka jefar da komai, ko da ya mutu, sai sabon ya zo ka gwada su gefe da gefe. Nan ne maganar kayan kwaikwayo take shigowa: na taɓa sayen gasket da kebur na kuloci da aka rantse mini na CG ne, ɗaya ramukansa sun goce, ɗaya ya fi tsawo da ɗan yatsa. Tsohon kafireto na asali da aka wanke ya fi mini sabo na araha sau goma.

Batun inji, ra'ayina shi ne kada ka raba cikinsa gida biyu sai da dalili. Buɗe sama tukuna: kai, silinda, fistin. Kama sandar fistin ka ja ta sama da ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in kana jin wasa sama da ƙasa, boris ɗin ya tafi, dole a buɗe. Haka in ka ga garin ƙarfe a tsohon mai, ko alamar ruwa ya kwana a ciki. In babu ko ɗaya, a bar kaza cikin gashinta. Faɗin silinda na asali milimita 56.5 ne. In ta ci ko tsatsa ta yi rami, ana faɗaɗa ta mataki-mataki, 0.25, 0.50, har zuwa 1.00, kuma wannan aikin masu injin gyaran silinda ne, ba na gida ba. Ka sayi fistin ɗin tukuna ka kai musu tare, su yanka daidai da shi. Ƴan zobban da ke riƙe fil ɗin fistin a sa sababbi ko da tsofaffin suna da kyau a ido, kuma ka cusa tsumma a bakin inji lokacin sa su, don in ɗaya ya faɗa ciki ka shiga uku.

Akwai wani wuri da kusan kowa yake mantawa. CG ba shi da matacin mai na takarda. Yana da ƴar raga a wajen ƙusar juye mai, sannan da wani ɗan kwano a ƙarshen karanshaf ta dama, wanda yake juyawa yana wurga datti jikin bangonsa. Buɗe shi. Nawa na tarar da shi cike da baƙin abu mai tauri kamar busasshiyar laka, da ƙyar mai yake wucewa. Tazarar bawul kuma milimita 0.08 ce duka biyun, ana aunawa inji yana da sanyi, fistin yana can sama lokacin matsa iska.

Tanki: juye tsohon fetur, zuba notuna cikin hannu guda da ɗan kananzir ka yi ta girgizawa, sannan ka cika shi da ruwan binega ya yi kwana biyu zuwa uku, ka ɗauraye sosai, ka busar nan take ka shafe cikin da mai, in ba haka ba kafin yamma tsatsa ta dawo. In ya huje, kada ka kusantar da wuta gare shi da kanka. Tankin da ya bushe shekaru yana iya riƙe tururin da zai fashe. Kafireto kuwa a jiƙa shi, a hura ramukan da iska. Kada ka soka waya ta ƙarfe a jet, wato ɗan ramin da fetur yake bi, tagulla ce, ramin zai faɗaɗa, ka rasa gane silo har abada. Kada kuma soda mai ƙuna ta taɓa alminiyon, cinye shi take yi.

Abubuwan da ba na ko tsayawa duba lafiyarsu, sauya su nake yi kai tsaye: tayoyi da tub, takalman birki, kebur na birki da totur, tiyon fetur, boris na ƙafafu, sil na fos, sarƙa da faifanta biyu a tare. Taya ko zanenta bai ci ba, roba tana tsufa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga uku ne kawai, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Tsohon takalmin birki kuma fatarsa tana iya ɓarewa ta kulle taya kana cikin tafiya. Ƙurar da ke cikin kwanon birkin ma kada ka hura ta, ta da tana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Haɗawa, ka fara da wuya da fos, hannun baya da shok, jak, sai tayoyi. Da zarar babur ya tsaya da ƙafafunsa za ka ji zuciyarka ta dawo, kuma wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato, don a wata na shida ne mutane suke gajiya su tura komai lungu. Sai inji, sai wayarin, sai kebur, tanki da sirdi da madigadi su ne ƙarshe. Tunda na mahaifinka ne, ni da zan ba ka shawara, in fentin tankin bai mutu gaba ɗaya ba, ka wanke ka goge ka bar shi da tabonsa. Sabon fenti kowa yana iya saye.

Ranar tayarwa, zuba mai kamar lita ɗaya ka duba da ma'auni, cire fulogi ka buga kik sau ashirin ko fiye don mai ya zagaya, sannan ka mayar. In ya tashi, ɗan buɗe murfin bawul ka tabbatar mai yana isowa sama. Hayaƙi na mintunan farko ba komai, man haɗi ne yake ƙonewa. In an faɗaɗa silinda, ka lallaɓa shi kilomita 500 na farko, kada ka matse totur, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya, sannan ka juye mai, ka sake auna bawul, ka bi duk notuna ɗaya bayan ɗaya, na birki da na ƙafafu a gaba.

Yanzu dai kada ka kwance ko ƙusa ɗaya. Wanke shi, ka yi gwajin zaren, ka turo mana hoton wuyan firam da kunnuwan inji da cikin tanki, ka kuma gaya mana ko kik ɗin yana motsi. Daga nan za mu san ko za a buɗe cikin injin ko a'a.