Kowa da kiwon da ya karɓe shi: amsa ga mai neman abinci da murya

Tambaya: Wani matashi daga Gusau ya rubuto cewa: "Malam, ina so in ci abinci da muryata. Na taɓa yin talla a rediyo, na gwada fassarar fim ɗin Indiya, yanzu kuma ina karanta littattafan hikaya ina sawa a YouTube, amma har yau ban tsaya wuri ɗaya ba. Wani dattijo a wurin aiki ya ce mini 'kowa da kiwon da ya karɓe shi'. Shawara ce ko habaici?"

Amsa: Ɗana, tana ɗaukar duka biyun, ya danganta da inda ya tsaya. Cikonta shi ne "maƙwabcin mai akuya ya sayi kura". Wannan cikon ba'a ce ga mai fakewa da maganar don ya yi abin da zai cuci na kusa da shi. Tunda dattijon bai ƙarasa ba, ina kyautata zaton shawara ya ba ka.

Duba wa yake karɓar wa. Kiwon ne yake karɓar mutum, kamar yadda muke cewa "garin ya karɓe shi" ko "wannan riga ta karɓe ki". Wani zai zuba kaji su yi ta mutuwa, ya koma tumaki su yi ta haihuwa. Yana da nasa son, amma dabbar ce ta yanke hukunci. Haka murya take: kunnen masu sauraro ne zai gaya maka inda ta zauna.

Ayyukan da ka lissafa kowanne da abin da yake nema. Mai fassarar fim yana bin leɓen wani ne, dole maganarsa ta ƙare lokacin da bakin jarumi ya rufe, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne zai yi tsoho, ya yi mugu, ya yi ɗan barkwanci. Wannan aikin mai kwaikwayo ne. Mai talla jikan sanƙira ne da mai shelar sarki, yana da daƙiƙa talatin ko sittin, sai amo da zafin nama. Mai karanta hikaya kuwa dogon numfashi yake buƙata, da muryar da za a ji awa guda ba a gundura ba. Amon da ya sayar da omo a talla, a nan ciwon kai zai sa. Akwai kuma karatun labarai, wanda tashoshi irin su BBC Hausa tun 1957 da Rediyon Kaduna tun 1962 suka saba wa kunnen mutane da shi cikin daidaitacciyar Hausa, mai tushe a Kananci.

A nan zan ja kunnenka, kai mutumin Zamfara. Na ga matasa da yawa suna wahalar kankare karin harshensu don su yi kama da Bakano. Ka iya daidaitacciya, lallai, amma wanda zai yi sanarwar taki ko rigakafi ga manoman Talata Mafara, mai cewa "hwaɗi" da "shina" yake nema, kuma masu yin wannan da kyau a gaban makirfo ba su kai masu Kananci yawa ba.

Game da tsalle-tsallenka, Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Bai hana ɗanɗanawa ba, haɗawa a baki ɗaya ya hana. Ka duba cikin ukun nan wanne ne ake sake kiranka ba tare da ka roƙa ba, wanne ne kuma kake gamawa maƙogwaronka bai dushe ba.

Duk wanda ka zaɓa, karin sauti da tsawon wasali suna jiranka, domin rubutunmu na boko ba ya nuna su. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Ka riƙa karanta takarda tun daga farko har ƙarshe, kana sa wa irin waɗannan kalmomi alama da biro, kafin a kunna na'ura.