Hukuncin kamashon da dilan magani ke ba mai yi wa ƙungiyar agaji sayayya

Tambaya: Malam, ni nake sayo wa wata ƙungiyar agajin marasa lafiya magani, kuma ana biyana albashi. Dilan da nake saye a wurinsa yakan ba ni kashi 5 cikin 100 a hannu, rasit kuma ya fito da cikakken farashi. Wani lokaci ya ƙara min katan ɗaya gyara. Wani ya ce min la'adar dillali ce. Ta halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya. Kuɗin nan bai halatta gare ka ba, haka katan ɗin gyara. Hadisin Ibnul Lutbiyya sananne ne: mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya yi inkarin hakan. Abin da na tsaya a kai shi ne maganarka cewa rasit yana fitowa da cikakken farashi: ragi ne aka yi wa ƙungiya, aka ɓoye shi, sannan aka rubuta ƙarya a littafinta.

Wanda ya ce maka la'ada ce ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Dillali yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya san ladansa. Kai wakilin mai saye ne, an biya ka don ka matsa farashi ya sauka, duk abin da wakili ya samo da kuɗin wanda ya wakilta shi kuwa na mai kuɗin ne. Za a ce ai daga ribarsa dila yake cirewa. To, wanda zai iya sakin kashi 5 a aljihunka zai iya sakinsa a rasit. Kuma yakan fanshe: ya tura maka maganin da saura wata 3 wa'adinsa ya ƙare, ko insulin (allurar masu ciwon suga) da bai zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 ba, kai kuma bakinka ya riga ya mutu. Ko kwamitin amintattu ya yarda, iyakar abin da zai iya shi ne ƙara maka albashi daidai aikinka, a rubuce, domin su ma riƙon amana suke yi.

Ka ƙiyasta abin da ka karɓa, ka rinjayar da mafi yawa, ka mayar asusun ƙungiya ko da kaɗan-kaɗan. Ba sai ka tona kanka a bainar jama'a ba, amma sadaka da shi a wani wuri ba ta sauke maka, tunda masu shi suna nan.

Sannan kada ka ci gaba da zama kai kaɗai a kan wannan aiki. A nemi farashin dila 3 kafin babbar sayayya. Mai oda daban, mai karɓa a sito daban, mai biya daban, biyan kuma ta banki. A shigar da gyara cikin katin sito da lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, a fara fitar da wanda zai riga lalacewa. Kuɗin zakka a ware masa lissafinsa, wanda aka bayar don wata cuta takamaimai kuma kada a karkatar da shi sai da izinin mai shi.

Allah ne Mafi sani.