Tambaya da Amsa: Inshora ta ƙi biyan kuɗin madarar jaririna, ya zan yi?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Yarona watansa huɗu, da hutun haihuwa ya ƙare na koma aiki sai na fara haɗa masa da madarar gwangwani, ba a daɗe ba fuskarsa da wuyansa suka feso da ƙuraje, ga amai ga kukan dare har miƙewa yake, rannan ina canja masa famfas na ga majina da ɗigon jini a kashinsa wallahi jikina har rawa ya dinga yi. Likitan yara ya ce jikinsa ne ba ya karɓar madarar shanu, ya rubuta mana wata ta musamman, da muka je kemis aka faɗi kuɗin sai da maigida ya nemi wurin zama. Gwangwani ɗaya kuma bai fi kwana huɗu ba ya ƙare. Muna da inshorar lafiya ta wurin aikinsa duk wata ana cire masa, amma da ya je sai suka ce wai madara abinci ce su magani suke biya. Surukata kuma ta dage a ba shi nonon akuya kawai a huta.
Wata uwa daga Hotoro

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya ya raya mana shi.

Maganar akuyar nan zan fara taɓawa don ita ta fi gaggawa. Kar ki ba shi. Furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke nonon akuya da na tunkiya kusan ɗaya ne da na saniya, jikin yaron da ya ƙi wannan mafi yawa zai ƙi wancan ma. Haka madarar waken suya ba a so ga yaron da bai kai wata 6 ba, kuma ki kula da masu kemis da za su miƙo miki wadda aka rubuta HA ko wadda aka cire wa sukarin madara su ce ai duk ɗaya ne ga sauƙin kuɗi, ba ɗaya ba ne, furotin ɗin yana nan a ciki. Hajiya kuwa kar ki tsaya musu da ita ke suruka ce, ranar komawa asibiti maigida ya ɗauke ta ku tafi tare ta ji da kunnenta daga bakin likita.

To inshora. Amsar da suka ba shi ba daɗi amma ba ƙarya suka shara masa ba. A Ingila likita ne yake rubuta irin wannan madarar, su Nutramigen da Aptamil Pepti da Neocate, a karɓa kamar magani a tsarin lafiyar gwamnatinsu da ake kira NHS. Mu nan kuwa tsarin ba haka yake ba, ko hukumar inshorar lafiya ta tarayya ce wato NHIA wadda dokarta Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta gaji NHIS, ko KSCHMA ta jihar Kano, ko kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu da ake kira HMO, kowa yana da jerin abin da ya yarda zai biya, madarar jarirai kuma yawanci a ɓangaren abinci ake ajiye ta. Ni dai a ganina ba a kyauta ba, abin da idan yaro bai sha ba zai dinga kashin jini ai ya wuce a kira shi abinci kawai.

Amma wanda ke zaune a taga ba shi ne mai yanke hukunci ba, kuma magana da baki ba ta zuwa ko'ina. Ku koma wurin likitan, in da hali ƙwararren likitan yara irin na Asibitin Malam Aminu Kano ko Hasiya Bayero, ya rubuta wasiƙa a takardar asibiti da hatimi, ya faɗi ciwon da sunansa, nauyin yaron tun da abin ya fara, jinin da aka gani, madarar da aka fara ba shi ta jawo matsalar, gwangwani nawa zai sha a wata da tsawon lokacin da zai yi a kai, sannan ya rubuta ƙarara cewa wannan magani ne ba zaɓin uwa ba. Ki haɗa da rasit ɗin kemis, hoton famfas ɗin ma in kin ɗauka kar ki goge duk da ba kyan gani. Maigida ya kai ta ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsa su su tura, don in kamfani ne mai zaman kansa su suka ƙulla yarjejeniyar da HMO ɗin, muryarsu ta fi taku nauyi nesa ba kusa ba, wani lokacin ma wurin aikin yana da nasa tallafin jinya da ba a faɗa sai an tambaya. In sun ƙi ku ce su ba ku a rubuce, da wannan takardar ake kai koke ofishin hukumar da ke sa musu ido. Ki tabbatar kuma an saka sunan yaron a rajista, mutane da yawa sai sun je taga suke gano ba a saka ba. Ganin likita da gwaji da man shafawar ƙurajen kuwa ku nemi lambar izini su biya, kar haushin madara ya sa ku dinga biyan waɗannan daga aljihu.

Sai dai gaskiya kar ki ɗora rai a kai sosai, ana iya samu ana iya rasawa. Abin da ya fi ja min hankali a wasiƙarki shi ne kin ce haɗa masa kike, kenan nonki bai ɗauke ba. Ƙanwata ki riƙe shi da kyau. Tunda yana shan nonki lafiya lau kafin gwangwani ya shigo, in kika ƙara yawan shayarwa da daddare da asuba kika dinga tatsa a wurin aiki ruwan zai ƙaru, gwangwanin da ke ƙarewa a kwana huɗu sai ya ja ku sati. Wanda kika tatsa a zafin Kanon nan da rashin wuta ki nemi ƙaramar kula da ƙanƙara, a firiji mai sanyi yana kai kwana 4. In har yanzu ana ganin jinin likita zai iya cewa ke ma ki daina cin kayan madara na sati 2 zuwa 4 a gani, a nan ne mutanenmu suke tuntuɓe, za a bar fura da nono da yogot da madarar shayi amma a manta da man shanun da ake zuba wa miyar kuka, da biskit da kek da Milo. In an hana ki sai ki tambayi ƙwayar kalsiyam.

Kar tsada ta sa ki ƙara ruwa a fida don madarar ta yi auki, yaro zai rame kuma hatsari ne gare shi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a gindin gwangwani kafin ki biya. In kika ga leɓensa ko idonsa ya kumbura ko numfashi yana masa wuya, asibiti nan take ko tsakar dare ne.

Yara da yawa abin yana sakinsu wajen shekara ɗaya, mafi yawa kafin su shiga firamare sun rabu da shi, amma gwada masa madarar shanu kuma sai ranar da likita ya ce, ba ranar da gwangwani ya ƙare ba.