Amsa ga Habibu a kan Ma'aikatan Kunkurun Ƙarfe

Assalamu alaikum, ɗana Habibu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida, na karanta takardun da ka bar mini a shago ranar Talata, har da tambayar da ka rubuta a bayan shafin ƙarshe. Ka ce: "Maigida, na tsara motar yaƙin nan da kyau, na ba ta sulke da igwa da ma'aikata takwas, amma da muka zauna wasa a Farar Gada mu shida, ni ina jan labari, mutum biyu ne kawai suka yi ta jefa ɗan lido, sauran ukun suka koma danna waya. Ina kuskuren yake?"

Zanen Kunkurun Ƙarfe ya yi kyau, sunan ma ya zauna mata. Sai dai ka ƙirga shafukanka: shida ka ɓata a kan kaurin sulke da nisan harbi da nauyin ƙafafu, rabin shafi kacal ka bar wa mutanen da ke ciki. Babu wanda yake baro gidansa cikin sanyin Jos don ya zo ya zama ƙarfe. Ka tuna asalin sana'ar tamu. Kafin wasan labari na tebur mai suna Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, abin da aka saba shi ne wasan yaƙi na tebur, inda mutum ɗaya yake tura runduna guda; sabon abin da aka kawo shi ne kowane ɗan wasa ya shiga rigar mutum ɗaya, mai suna da tsoro da buri. Ranar da ka zuba mutum biyar a akwati ɗaya, ka mayar da su ƙwaya ɗaya a kan allo, domin akwatin wuri ɗaya yake nufa, abu ɗaya yake harbi. Idan ba ka yi dabara ba, shawara biyu ce tak a kowane zagaye, ina za a je da me za a harba, kuma mutum biyu sun ishe ta.

Na gane inda ka samo takwas ɗinka. Tankokin farko na Ingila, waɗanda suka fara shiga fage ranar 15 ga Satumba 1916 a yaƙin Som a Faransa, da Mark IV da ta biyo baya a 1917, mutum takwas suke ɗauka. Amma ka kwafi adadin ka bar dalilin. Huɗu daga cikinsu aikinsu juya motar ne kawai: direba, da kwamanda mai riƙe da birki, da mutum biyu a baya masu sauya giyar kowace ƙafa. Injin yana tsakiyarsu, ƙararsa ba ta barin a ji magana, sai direba ya buga ƙarfe da sifana, na baya su ɗago kai, ya nuna musu da yatsu. Ka ga ke nan kafin motar ta karya kwana ɗaya sai mutum huɗu sun fahimci juna cikin hayaƙi da zafi. Wannan dogaro da juna shi ne abin ɗauka daga gare su.

Saboda haka fara da ƙirga mutanen da ke teburinka. Biyar ne, to kujeru biyar za ka yi, kamar tankar Sherman ta Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu: kwamanda, maharbi, mai ɗura harsashi, direba da mataimakinsa. Ko wannan ma kada ka ɗauke shi ɗungurungum. A yaƙin gaske mai ɗura harsashi ba ya hutawa, amma a tebur, idan abin da zai ce a kowane zagaye shi ne "na ɗura", kafin a yi zagaye huɗu ya fita daga wasan ko da yana zaune. Gwajin da nake yi wa kowace kujera shi ne in rubuta mata abu biyu masu amfani waɗanda ba za a iya haɗa su a zagaye ɗaya ba. Mai ɗura igwa, alal misali, ko ya ɗura harsashin da ke fasa sulke, ko ya kashe wutar da ta kama kusa da albarushi, kuma shi kaɗai zai zaɓa. Kujerar da na kasa samar mata irin wannan zaɓi, sai in cire ta, ko in ba wa wani mutumin labari wanda ni zan riƙa magana da yawunsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rabon gani. Mutumin da ke cikin sulke kusan makaho ne: direba yana leƙe ta tsaga, maharbi yana ganin ɗan da'irar da ya saita, kwamanda ne kaɗai yake ganin fili, shi ma sai ya fito da kansa waje. T-34 ta Tarayyar Sobiyet a 1941 mota ce mai kyawun sulke da igwa, amma mutum huɗu take ɗauka, kwamandanta shi ne kuma maharbi, don haka duk lokacin da idonsa ke kan saiti babu mai duban abin da ke zuwa ta gefe. A 1944 aka faɗaɗa mata hasumiyar igwa aka ƙara mutum na biyar, kwamanda ya koma aikin kallo da umarni. A ƙaramar tankar Faransa, Renault FT, mai mutum biyu, kwamanda da ƙafa yake taɓa direba don ya nuna masa hagu ko dama.

Ga yadda na mayar da wannan wasa a wani zama da muka yi a Bukuru. Na sa kwali a tsakiyar tebur na ɓoye taswira, kwamanda kaɗai na bari ya leƙa, kuma duk zagayen da ya leƙa sai na jefa ɗan lido a kan ko kibiya ta same shi. Na ce ƙarar motar ba ta barin ya faɗi fiye da kalma biyar. Yarinyar da ta riƙe kujerar ta leƙa, ta ga rami a dama da dodo a gaba, ta yi shiru tana ƙirga kalmomi da yatsunta, sannan ta ce: "Hagu, sannu, maharbi duba gaba." Direban ya riƙe fensirinsa kamar sitiyari, ya tambaye ni ko hagun nan akwai dutse, na ce masa tsagarsa ba ta nuna masa. Shayi ya huce a kofuna, babu wanda ya taɓa waya. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya: kada kwamanda ya zama mai buga wa kowa wasansa. Wanda ya bi umarninsa a ƙara masa maki 2 a jifa, wanda ya ƙi bi yana da damarsa, sakamakon kuma ya hau kan kowa.

Yanzu ga inda na fi jin ka yi asara. Ka rubuta cewa "sihiri ne ke tafiyar da ita", ka wuce, alhali nan ne kujerar da ta fi kowace daɗi take. Idan sihiri yana aiki kamar man fetur, me ya sa muka bar duniyar gaske? Ka sa abin da ke jan Kunkurun ya zama mai rai da ra'ayi: aljani, a ce, wanda aka rufe a tulun tagulla bisa yarjejeniya, da mutum ɗaya cikin biyar ɗin, mai tulu, da ya san sunansa, yake lallashinsa. Duk lokacin da direba ya nemi ƙarin gudu, mai tulu ne zai yanke ko ya matsa masa, kuma kowace matsa tana ƙara tsakuwa ɗaya a ƙoƙon fushi da za ka ajiye a gaban kowa. Idan tsakuwa ta kai 6, hatimi ya tsage. Tarihi ma ya san irin wannan. A yaƙin Metauru a Italiya, shekara 207 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu tuƙa giwayen rundunar Hasdurubal, jagoran yaƙin Kartaj, suna ɗauke da kurfi da guduma, domin idan giwa ta haukace ta juyo kan mutanensu, su kashe ta da hannunsu. Ka ba mai tulunka irin wannan nauyi: yana da kalmar da za ta kwantar da aljanin nan take, amma motar za ta tsaya cak a tsakiyar abokan gaba. Mutumin da ya shekara yana hira da halittar nan cikin dare ba zai furta kalmar da sauƙi ba, kuma jinkirinsa shi ne labarin.

Kujera ta biyar kuwa, kada ka je nema a Turai. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma ɗan lifida, duk da kwarjininsa, nauyin kayansa bai bar shi ya wadatu da kansa ba. Har gobe a hawan salla ba ka ganin babban mahayi ba tare da zagi a gabansa ba. Ka mayar da mataimakin direba zagi. Shi ne mai sauka ƙasa, ya shiga gaba yana caka mashi ya ji ko ƙasar za ta ɗauki nauyi. Duk wanda ya ga tsofaffin kududdufan kuza na Rayfield da Bukuru ya san irin ƙasar da za ta haɗiye mota mai nauyi, duk kuma wanda ya taɓa bin babbar mota a Hawan Kibo ya ga yaron mota yana dirowa da gudu ya tokare taya kafin ta zame baya. Shi kaɗai ne a waje babu sulke, shi ne kuma mai shiga ƙauye ya nemo ruwa da labari. Sunayen muƙamai ma ka ɗebo daga gida; Barde ya fi "Kyaftin" zama a bakin 'yan wasanka.

Game da ɓarna, daina rage maki daga jimilla ɗaya. Idan an bugi motar, jefa ɗan lido ka ga wace kujera abin ya shafa: tsagar direba ta toshe, igwa ta cije, tulu ya yi zafi, ko hannun wani ya karye. Ka ba kowa sana'a ta biyu da bai ƙware a kanta ba, domin ranar da direba ya suma, a ga mai ɗura igwa ya rarrafa ya kama linzami yana rawar hannu.

Kada kuma ka manta cewa yawancin rayuwar waɗannan mutane ba faɗa ba ce. Tankar T-72, wadda sojojin Najeriya ma suke da ita, mutum uku take ɗauka saboda na'ura ce ke ɗura mata harsashi, amma na'ura ba ta gadin dare, ba ta taya ɗaga ƙarfe idan sarƙar ƙafa ta tsinke. Muna zaune a garin da hedikwatar Runduna ta 3 take, a Rukuba, tsofaffin sojoji ba su yi mana wuya ba. Ka samu dattijo ɗaya da ya yi ritaya, ka gaishe shi da ladabi, kada ka tambaye shi sirrin aiki ko wanda ya harba. Tambaye shi wa ke dafa abinci, a ina ake kwana, me ake yi idan ruwa ya ƙare. Sannan ina roƙonka, tunda Jos muke kuma kusan kowane tebur akwai wanda rikici ya taɓa gidansu, abokan gaban labarinka su kasance dodanni da rundunonin ƙasar da babu ita, kada su yi kama da wata ƙabila ko wani addini na maƙwabtanmu ko da a suna ko tufafi.

Kafin Asabar, ka rage bayanin motar ya koma shafi ɗaya, ka rubuta takarda guda ga kowace kujera: abin da mai ita yake gani, abin da ba ya gani, zaɓinsa biyu, da sunan wanda ransa yake hannunsa. Ka zo da su bayan la'asar tare da mutum ukun nan da suka koma danna waya, domin su nake so su fara zaɓar kujera. Kwalin da tsakuwoyin suna nan a shago.

Ka gaida mahaifinka. Allah Ya yi maka albarka.