Gigin tsufa ne ko cutar mantuwa? Likita na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, Hajiyarmu ta haura shekara 70, ta fara rikita raka'o'in sallah. Ranar nan ma ta ɓata tsakanin gida da Harami, hanyar da ta daɗe tana bi. An ce akwai gwajin jini mai gano cutar mantuwa ta Alzheimer, gaskiya ne? Daga Misfala, Makka.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya ne. Sinadarai biyu ne ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai wannan cuta, amiloyid da tau, kuma amiloyid kan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. A da sai an ɗebi ruwan laka ta gadon baya, ko an yi hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET, ake gano su. Yanzu ana auna wani nau'in tau mai suna p-tau217 a jini. A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwajin farko irin wannan, ga masu shekara 55 zuwa sama da suka fara nuna alamu.

Sai dai ba da shi za a fara ba. A kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, a duba bitamin B12, sinadarin tayirod da sukari, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Ƙarancin B12 na kawo mantuwa, musamman ga mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin, kuma ana maganinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke cewa "tsufa ne" mu zauna. Ɓata a hanyar da aka saba ya wuce tsufa.

Tambaya: Mahaifina ya yi wannan ciwo. Shekarata 40, lafiyata ƙalau. In yi gwajin? Daga Jidda.

Amsa: Malam, ban ba ka shawarar haka ba. Akwai tsofaffi da dama masu amiloyid a ƙwaƙwalwa da hankalinsu garau. Ƙwayar gado ta APOE4 ma ƙara haɗari take yi, ba hukunci ba ce. Ka kula da hawan jini da suga, ka riƙa tafiyar ƙafa, in kana shan taba ka bari.

Tambaya: Kawuna na da ciwon ƙoda, gwajin jininsa na Alzheimer ya fito sama. Shi ke nan ya kamu? Daga Madina.

Amsa: A'a. Raunin ƙoda kan ɗaga waɗannan sinadarai a jini. Ku sanar da likitansa, ya tabbatar da ruwan laka ko hoton PET.