Da "daijoubu" ta fi "yabai" haɗari: amsa ga ɗalibinmu na Nagoya

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Nagoya. Watansa takwas a Japan, yana makarantar koyon harshe da rana, da dare yana aiki a masana'antar shirya abinci cikin 'yan akwatuna. Ya ce Japanancin aji daban, na wurin aiki daban: kullum yana jin "yabai", "maji", "uso", "erai". Ya taɓa ce wa shugaban layin aikinsu "maji de?", sai wurin ya yi tsit. Makon jiya wuƙa ta yanke shi a yatsa, aka tambaye shi "daijoubu?", ya ce "daijoubu desu", yanzu yatsan ya kumbura. Ya nemi hutun mako uku don bikin ƙanwarsa a Damagaram, aka ce masa "chotto muzukashii ne, kangaete oku". Katin zamansa saura wata huɗu ya ƙare. Yana tambaya: an ba shi hutun ko ba a ba shi ba, kuma waɗanne kalmomi ne zai riƙa faɗa?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara sauƙi. Bari mu fara da yatsan, don shi ne ba ya jira.

"Daijoubu" ita ce "ba komai" tasu, kuma kamar yadda tamu take, tana rufe magana. Kai ka faɗe ta ne don kunya da juriya irin wadda aka hore mu da ita, shi kuwa shugaban ya ɗauka an gama, babu rahoton da zai rubuta. Gobe ka same shi kafin a fara aiki, ka ce: "Senshuu, shigoto-chuu ni yubi o kirimashita. Harete imasu. Byouin ni ikitai desu." Wato makon jiya na yanke yatsa a bakin aiki, ya kumbura, ina son zuwa asibiti. A asibiti kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce "rousai". Wannan inshorar rauni a wurin aiki ce, ta shafi kowane ma'aikaci, ɗan ƙasa da baƙo, har da ɗalibi mai aikin 'yan awoyi. Kada ka miƙa katin inshorar lafiyarka ta yau da kullum a kan raunin aiki, don daga baya warware takardun yana da wahala. Idan asibitin yana cikin waɗanda aka amince musu karɓar rousai, ba za ka biya kuɗin magani ba. Idan likita ya hana ka aiki, daga kwana na huɗu ana biyanka kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ka saba samu. In kamfani ya noƙe, ofishin da ake kira Roudou Kijun Kantokusho shi ke sa ido kan irin wannan, kuma kana da ikon zuwa da ƙafarka. Nan gaba in abu ya same ka, ka ɗaga murya ka ce "itai!", da zafi ke nan. In ka hango haɗari na tunkarar wani, "abunai!". Waɗannan biyun babu girma babu ƙanƙanta a cikinsu, ko shugaban kamfani ne kana iya kwatsa masa su.

Akwai wurin da "daijoubu" ta fi wannan ɓarna, kuma ya shafi katinka kai tsaye. Izinin aikin da aka buga maka a bayan kati, shikakugai katsudou kyoka, awa 28 ne a mako, jimillar duk ayyukan da kake yi, ko daga wace rana aka fara ƙirgawa. A lokacin dogon hutun da makaranta ta ayyana ne kawai ake barinka har awa 8 a rana. To a daren da oda ta yi yawa, shugaba zai leƙo ya ce "kyou zangyou daijoubu?", ma'ana yau za ka iya ƙarin lokaci? Bakin da ya saba zai ce "hai, daijoubu desu". Awa biyu yau, uku jibi, ka zarce iyaka ba ka sani ba. Ranar sabunta kati, hukumar shige da fice, wadda kowa ke kira Nyuukan, tana iya neman takardar harajinka daga ofishin birni, adadin kuɗin da ka samu kuma shi zai tona awoyin. Ɗalibai suna rasa izinin zama a kan wannan. Amsar da za ka haddace ita ce: "Sumimasen, nijuuhachi-jikan o koeru node dekimasen." Ka ambaci dalilin da lambarsa. Bajapane yana karɓar "a'a" mai dogaro da doka cikin sauƙi, don shi ma kamfanin laifi ne a kansa ya sa ka wuce gona da iri.

Sai batun hutu. Ba a ba ka ba. "Chotto" asalinta "kaɗan", amma in aka ja ta aka bar jimlar a rataye, ƙi ne cikin ladabi. "Muzukashii", da wuya, a bakin shugaba kusan kullum "ba zai yiwu ba" take nufi. "Kangaete oku" kuwa 'yar'uwar "to, sai mun gani" ce, irin wadda uba ke faɗa wa ɗa in ba ya son ya karya masa zuciya a gaban mutane. Mu ma mun iya wannan salon, don haka kada ka ɗauke shi munafunci. Abin yi shi ne ka koma da roƙo mai siffa: rubuta ranar tafiya da ranar dawowa, ka rage kwanakin, ka faɗi wanda ya yarda ya riƙe maka wasu darare. Ka buɗe da "go-soudan ga arimasu", ina da abin da nake son mu yi shawara a kai. In ka cika wata shida a wannan aikin, kuma kana zuwa yadda ya kamata, kana da 'yan kwanakin hutu mai albashi, yuukyuu, gwargwadon yawan ranakun da kake aiki a mako. Tambayi adadinsu.

Amma a gaskiya makaranta ce babbar damuwarmu a tafiyar nan. Ana duba yawan halartar aji wajen sabunta izinin ɗalibi, kuma makarantu da yawa suna fara jan kunne in ɗalibi ya kusa faɗowa ƙasa da kashi 80. Mako uku a tsakiyar zango yana iya kai ka can. Shawararmu, ka miƙa takardun sabuntawa tukuna, ana karɓa tun saura wata uku kati ya ƙare, sannan ka daidaita tafiyar da hutun makaranta. In za ka fita, ka yi alama a takardar filin jirgi cewa za ka dawo, abin da ake kira minashi sainyuukoku, kuma dole ka shigo kafin ranar da ke jikin katin, ba a ƙara wa'adinta daga waje. In bikin bai zo daidai da hutu ba, gara ka aika gudummawarka ka kira ta bidiyo ranar ɗaurin aure. Ka zauna ka yi wa Inna lissafin a fili: awa 28, in a misali ana biyanka yen 1,100 a awa, bai kai yen 31,000 a mako ba kafin ƙarin kashi 25 na aikin dare tsakanin ƙarfe 10 zuwa 5 na asuba, a ciki za a fitar da haya da kuɗin makaranta. Mutanen gida suna jin sunan Japan, ba sa jin iyakar awoyi sai an faɗa musu.

Yanzu kalmomin da ka lissafo. Ƙa'idarmu a kansu ɗaya ce: kunnenka ya san su duka, bakinka ya taƙaita.

"Yabai" ainihinta abu ya ɓaci, akwai haɗari. Matasa sun ja ta har ta koma kamar "kai!" ko "tabɗijam" a wurinmu, tana hawa kan daɗi da wuya duka. Wanda ya ɗanɗana miya ya lumshe ido ya ce "yabai", yabo ne. Wanda ya kalli agogo ya ga saura minti goma mota ta zo ɗaukar kaya, ya ce "yabai, yabai" da sauri-sauri, ka ƙara hanzari. In ka ji an ce "ano kaisha wa yabai" game da wani kamfani da ke neman ɗaukarka, ka yi nesa da shi. Fuska da saurin murya su ke fassara ta.

"Maji" da gaske ke nan. "Maji de?" tsakanin tsara da tsara ake yin ta, shi ya sa wurin ya yi tsit. Ka ƙaddara yaron shago ya ce wa maigidansa "kai haba?" a gaban baƙi. Ga na sama da kai ka ce "hontou desu ka" ko "sou desu ka". Ba sai ka je ba da haƙuri na musamman ba, sun san harshen kake koyo, gyaran da za su gani a bakinka ya isa. Haka "ryoukai" da "naruhodo" da kake ji abokan aiki na yi: ga shugaba "wakarimashita" ta fi aminci, in kana son ƙarin ladabi "shouchi shimashita".

"Uso!" tana ɓata wa mutanenmu rai ƙwarai, don ma'anarta a ƙamus "ƙarya". Kana ba abokiyar aiki labari cewa ku goma sha biyu ne wurin mahaifinku, sai ta zaro ido ta dafe baki ta ce "uso!". Ba ta ƙaryata ka ba, mamaki take yi, kamar mu ce "ka ce wallahi!". Ka yi murmushi ka ce "hontou, hontou". In an ce "usotsuki", maƙaryaci, da fuska a murtuke, wannan zargi ne.

"Erai" kuwa yankinku ne ya kawo ruɗanin. A littafi tana nufin babban mutum ko wanda ya cancanci yabo. A Nagoya da kewaye, har zuwa Osaka, in dattijuwa ta miƙe daga kan layi ƙarfe huɗu na asuba ta dafa ƙugu ta ce "aa, erai", gajiya take faɗa. Amsarta "otsukaresama desu", wadda ita ce "sannu da aiki" tamu sak, kuma ita ce kalma ɗaya da muke so ka yawaita: shigowa, fita, haɗuwa a ƙofa, ga babba ga yaro. Kada ka musanya ta da "gokurousama", wannan daga sama take saukowa ƙasa. Za ka kuma ji "shindoi" da "darui" na kasala, "mendokusai" ga abin da ya gundiri mutum, "muri" ba zan iya ba, "bimyou" ga abin da bai gamsar ba amma ba a son kushe shi. "Meccha" da "dera" ta mutanen Nagoya duk "sosai" ne. In an ce "shouganai", sai haƙuri ake nufi, an rufe zancen.

A rukunin wurin aiki na LINE, manhajar saƙonni ta waya, harafin w a ƙarshen magana dariya ce, daga kalmar "warau". In an jera www sai su yi kama da ciyawa, shi ya sa wasu ke rubuta "kusa", ciyawa, maimakon dariyar. Ka karanta ka gane, amma saƙon shugaba ka amsa shi da cikakkiyar jimla, kuma da wuri, don manhajar tana nuna masa ka buɗe.

Akwai waɗanda ba ma so su taɓa fita daga bakinka ko da wasa: "uzai" ka dame ni, "kimoi" abin ƙyama, "mukatsuku" ya ba ni haushi, da "shine", mutu. Tsaki ma haka. Suna kiransa shitauchi, kuma ƙaramar ƙarar harshe da wasunmu ke yi don jimami ko in abu ya suɓuce daga hannu, a kunnensu raini ce. In kuwa kai ake jifa da waɗannan kalmomi a kai a kai, musamman daga na sama, ka daina ɗaukarsa salon magana. Sunansa pawahara, kuma tun Afrilun 2022 doka ta wajabta wa har ƙananan kamfanoni su ɗauki matakin hana shi. Riƙe ƙaramin littafi: rana, lokaci, ainihin kalmar, wanda ke wurin. Cibiyar Nagoya Kokusai Sentaa tana ba baƙi shawara, ka fara da can ko da ofishin makarantarku.

In an gayyace ka zaman ci da sha na 'yan aiki aka miƙo giya, "daijoubu desu" tana iya zama "na ƙoshi", tana iya zama "ba laifi, zuba". Faɗi a sarari: "Shuukyou-jou, osake wa nomemasen", saboda addini ba na sha. Sau ɗaya za ka faɗa, su da kansu za su riƙa yi maka odar shayi.

Ranar da za ka Nyuukan da ke unguwar Minato, ka kula da "hai". A wurinsu "hai, hai" da ake yi ana cikin magana tana nufin ina sauraro, kamar "to, to" ɗinmu, amma in jami'i ya yi tambaya ka ce "hai", ka amsa ke nan, za a rubuta. Duk abin da ba ka gane ba ka ce "mou ichido, yukkuri onegai shimasu", a sake a hankali, ko "yasashii nihongo de onegai shimasu", a yi maka da sassauƙan Japananci. In an ce ka kawo wata takarda, miƙa biro ka ce "kaite kudasai", a rubuta maka sunanta da ranar ƙarshe ta kawowa, sannan ka kai wa malamin da ke kula da takardun ɗalibai a makarantarku ya duba kafin ka je nemanta.