Ga mai son yin dakta a fannin lojik

Ƙanina, saƙonka ya iso, ka ce ka gama digiri a lissafi kana son in nemo maka malami a nan Jamus ka yi dakta a lojik, wato fannin lissafi da ke nazarin hujjoji da ƙa'idojin tabbatar da magana. Toh bari in faɗa maka tun da wuri, wancan teburin gaskiya da ƙarya na p da q da kuka yi a shekarar farko, ko ƙofar gidan bai kai ka ba. Aikinmu ya taso ne daga masanin lissafi Kurt Gödel, wanda a 1931 ya nuna duk tsarin ƙa'idoji da za a iya jerawa, bai saɓa wa kansa, kuma yana ɗaukar lissafin lambobi, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Sai wani masanin, Paul Cohen, a 1963 ya ƙarasa nuna cewa tambayar masanin lissafi Georg Cantor kan girman tarin lambobi marasa iyaka ba ta warwaruwa da ƙa'idojin da muke aiki da su. Idan wannan bai hana ka barci ba, wlh nemi wani fannin.

Fannin nan ƙarami ne, wuraren da ke da ƙarfi ana ƙirga su da yatsa, Münster, Viyana, Leeds, Amsterdam, Berkeley, kuma kowa ya san kowa, imel ɗin nan iri ɗaya da ake tura wa farfesa hamsin ba mai buɗe shi. Je arXiv, shafin intanet da masana ke ɗora takardun bincikensu, ka karanta takardar mutum, ka yi masa tambaya a kanta.

Abin da ba a faɗa min ba shi ne bayan dakta ake fara wahalar. Kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, ka tattara iyali ka sake ƙasa, a Jamus ma doka ta ƙayyade shekara 6 bayan dakta a irin wannan aikin, in ba ka samu kujerar dindindin ba sai ka san inda dare ya yi maka. A wani taro wani ya tambaye ni ko ɓatan hanya na yi na shigo ɗakin, alhali ni zan gabatar da sakamakon da na sha wuya kafin na tabbatar, har yau abin na min ciwo, amma dai na gabatar kuma an buga shi.

In ka nace, fara neman mastas a AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, suna ɗaukar nauyin karatun. Turo min sakamakonka da hujja ɗaya da ka rubuta da kanka, sai in ga inda kake.